Gida Ɗaya, Suna Biyu: Bahasi a kan Parliament da Funkadelic

Duk wanda ya ɗauki alƙalami da niyyar ya lissafa mutanen ƙungiyar makaɗan nan ta Amurka da ake kira Parliament-Funkadelic, tun bai yi nisa ba zai gane cewa ya ɗauko aikin da takarda guda ba za ta ishe shi ba, domin kuwa ƙungiyar da ta soma da samari biyar masu haɗa murya a shagon aski ta kai wani zamani da mutum ashirin ko fiye suke cika dandali a dare ɗaya, wasu da jita, wasu da ƙaho, wani ɗaure da ƙunzugun jarirai, alhali kuwa a takardun kamfanonin faifai an rubuta su ƙungiyoyi daban-daban, kowace da sunanta da yarjejeniyarta da wanda yake bin ta bashi. Mas'alar da take gabanmu ke nan: idan an ce ƙungiya, sunan ake nufi, ko shugaban, ko kuwa hannuwan da suka kaɗa? Abin da na fahimta daga tarihin waɗannan mutane shi ne sautinsu ya riƙa sauyawa ne gwargwadon wanda ya shigo da wanda ya fita, har ma mai kunnen basira yana iya jin faifai ya faɗi wanda yake gidan a shekarar da aka buga shi, da wanda ya yi yaji.

Uban tafiyar, George Clinton, an haife shi a 1941 a garin Kannapolis na jihar Karolina ta Arewa, iyayensa kuma suna cikin ɗimbin baƙar fatar da suka bar kudancin Amurka da dokokinsa na wariya suka nufi biranen arewa neman abin sakawa a baki, shi ya sa ya yi wayo a jihar New Jersey. A tsakiyar shekarun 1950 abin da samarin baƙar fata suke yayi shi ne waƙar muryoyi zalla, huɗu ko biyar su tsaya a kusurwar titi, wani ya ɗauki siririyar murya, wani ya ɗauki ta ƙasa, ba ganga ba jita. Da Clinton ya ga yadda wani yaro sa'ansa, Frankie Lymon, ya yi suna da dukiya ta wannan hanya, sai shi ma ya tara abokai, suka ari sunan wata taba sigari da ake kira Parliament, suka zama The Parliaments. Matattararsu wani shagon aski ne a garin Plainfield inda Clinton yake aiki, kuma babban abin da ake zuwa yi a shagon shi ne miƙar da gashi, wato a dama wani sinadari mai ƙuna a shafa wa mutum a ka, a bi da mataji, a yi maza a wanke kafin ya ci fata, sa'an nan a sa yatsu a kwantar da gashin hawa-hawa yana ƙyalli. Wanda zai yi wannan ado sai ya ɓata sa'o'i a kan kujera, don haka shagon ya zama majalisa, mawaƙa da 'yan caca da masu wa'azi da yaran unguwa duk nan suke yini. Kafin shekarun 1960 su yi nisa, mutanen ƙungiyar sun tsaya a kan biyar: Clinton, da Ray Davis mai murya kamar daga rijiya, da Clarence Haskins da ake wa laƙabi da Fuzzy, da Calvin Simon, da Grady Thomas.

Burinsu a lokacin bai wuce su shiga Motown ba, kamfanin da Berry Gordy ya kafa a birnin Detroit, wanda ya mai da waƙar baƙar fata haja mai tsabta da farar fata suke saye ba tare da fargaba ba. Sun je an gwada su, ba a ɗauke su ba. Abin da Clinton ya samu shi ne ɗan aikin rubuta waƙoƙi a reshen kamfanin mai kula da haƙƙin mallaka, wato Jobete, inda ya koyi yadda ake ƙera amshin da zai maƙale a kunne. Sai a 1967, bayan fiye da shekara goma ana fafutuka, wani ƙaramin kamfani na Detroit mai suna Revilot ya fitar musu da waƙar da ake kira (I Wanna) Testify, ta hau mataki na 3 a jadawalin waƙoƙin baƙar fata, na 20 a jadawalin gama-gari. Abin mamaki, cikin su biyar muryar Clinton kaɗai take cikin faifan, sauran suna can Plainfield ba su samu zuwa ba, aka cike gurbinsu da mawaƙan haya. Tun daga waƙarsu ta farko da ta karɓu ke nan sunan da yake jikin faifai ya saɓa da mutanen da suke ciki, kuma wannan ɗabi'a ba ta rabu da gidan ba har yau. A damunar wannan shekara ce kuma tarzoma ta tashi a Newark da Detroit da ita kanta Plainfield, aka ƙona shaguna, aka fito da soja, don haka waƙar ta yi tashe ne a cikin hayaƙi.

Da waƙa ta karɓu sai yawon wasa ya taso, yawon wasa kuma yana bukatar makaɗa, makaɗan da suka fi araha kuwa su ne yaran da suke shara da aike a shagon. Billy Nelson ya ɗauki jitar bes, wato mai kaurin sauti. Ya jawo abokinsa Eddie Hazel, ɗan shekara 17, bayan an sha fama kafin mahaifiyarsa ta yarda ya bi su. Aka samo Tiki Fulwood mai ganga a Philadelphia, da Tawl Ross mai jita ta biyu. Waɗannan yara ba su tashi da ladabin Motown ba. Jimi Hendrix suke saurara, da Sly Stone, da turawan Ingila masu kiɗan rok, kuma a wani wasa da kayan sautinsu ba su iso ba, suka ari manyan lasifikan wata ƙungiyar farar fata mai suna Vanilla Fudge, da suka ji irin ƙarar da take fita sai suka ƙi komawa ga ƙananan akwatunansu. Sannu a hankali kwat da laƙataye suka ɓace, gashin da aka sha wahalar miƙarwa aka bar shi ya tashi, har shi shugaban yakan hau dandali lulluɓe da zanen gado. Ana cikin haka rigima ta shiga tsakaninsu da Revilot, kamfanin ya durƙushe, sunan The Parliaments ya maƙale a cikin shari'a, ba su da ikon buga faifai da shi. A nan Clinton ya yi hilar da ta zama tushen duk abin da ya biyo baya: ya ɗauki yaran nan masu kaɗa musu, ya sa su gaba a takarda da sunan Funkadelic, wanda Nelson ya ƙirƙiro, ya ƙulla musu yarjejeniya da kamfanin Westbound na Armen Boladian, su kuma manya biyar suka koma baƙin da aka gayyato su taya waƙa. A zahiri barori sun zama iyayen gida. A baɗini kuwa linzami yana nan hannun da yake tun farko. Da sunan farko ya kuɓuta, sai ya yanke masa harafin ƙarshe ya zama Parliament, ya kai shi wani kamfani dabam, Invictus, aka fitar da faifan Osmium a 1970, a shekarar da Funkadelic ta fitar da nata guda biyu, da mutane ɗaya.

Faifan da ya fi cancanta a tsaya a kansa daga wannan zamani shi ne Maggot Brain na 1971, saboda abin da Eddie Hazel ya yi a farkonsa. Ruwayar da Clinton ya sha bayarwa ita ce ya umarci yaron ya kaɗa kamar wanda aka zo wa da labarin mutuwar mahaifiyarsa. Hazel ya kaɗa kimanin minti goma a zama ɗaya, da aka zo tace sautin kuma Clinton ya dusashe sauran makaɗan, ya bar jitar kusan ita kaɗai, tana hawa tana sauka, tana shaƙewa tana sakin kuka. Ba amshi a ciki, ba abin rawa, kuma a ganina ko da ƙungiyar ba ta sake buga komai ba, wannan ya isa a tuna da ita, ya kuma isa hujja a kan masu da'awar cewa jitar rok gadon farar fata ce. Amma gidan da ya haifi wannan fasaha a lokacin yana cikin fitina biyu, ƙwaya da kuɗi. Ƙwayar nan mai juya hankali da ake kira LSD ta zama musu kamar abinci, ita da 'yan'uwanta suka taɓa lafiyar Tawl Ross har ya bar kiɗa shekaru masu yawa. Nelson da Hazel kuma suka fita saboda suna ganin ba a biyan su haƙƙinsu, ko da yake Hazel ya riƙa dawowa yana komawa, kuma faifan Standing on the Verge of Getting It On na 1974 kusan nasa ne daga farko har ƙarshe.

Da a ce gidan ya dogara ga waɗannan huɗu kaɗai, da labarin ya ƙare a 1971. Abin da ya tsirar da shi mutum biyu ne da suka zo daga makarantu biyu masu nisa da juna. Na farko Bernie Worrell, shi ma ɗan Plainfield, wanda ya soma taɓa fiyano yana ɗan shekara uku, ya yi karatun kiɗan gargajiyar Turai a babbar makarantar kiɗa ta New England da take birnin Boston, ya san ƙa'idojin Bach da Mozart kamar yadda almajiri ya san allonsa. Shi ne malamin gidan: abin da sauran suka kaɗa bisa ilhami, shi yake zama ya tsara shi, ya raba wa kowane kayan kiɗa rabonsa, ya rubuta wa masu goge da masu ƙaho abin da za su bi. Mutane da yawa suna ɗauka hargitsin P-Funk, kamar yadda masoyanta suke taƙaita sunan, hargitsi ne na gaske. Wanda ya kasa kunne zai ji cewa a ƙarƙashin ihun akwai lissafi mai tsauri, kuma galibin lissafin na Worrell ne.

Na biyu shi ne William Collins, wanda duniya ta sani da Bootsy, ɗan birnin Cincinnati. A watan Maris na 1970 makaɗan James Brown suka yi masa bore a kan albashi, shi kuwa maimakon ya lallashe su sai ya aika jirgi ya ɗauko wasu samari, cikinsu da Bootsy ɗan shekara 18 da wansa Catfish mai jita, suka hau dandali a daren. Gidan Brown bariki ne: ana cin tarar makaɗi in ya kuskure bugu, ana cin tararsa in takalminsa bai sha goga ba. A can Bootsy ya koyi ƙa'idar da Brown ya gina kiɗan fank a kanta, wato a cikin kowane bugu huɗu a sauke nauyi duka a kan na farko, saɓanin yawancin kiɗan Amurka na lokacin da yake jingina a kan na biyu da na huɗu; muddin kowa ya dawo ya haɗu a kan bugun farko, to tsakanin wannan da mai zuwa kowa yana da 'yancin ya yi yawonsa. A cikin wannan tafiya ce, a ƙarshen 1970, Brown ya kawo su Najeriya, suka je gidan rawar Fela a Legas, kuma Bootsy ya sha faɗa daga baya cewa abin da ya ji a wurin makaɗan Fela ya girgiza shi. Bai cika shekara a barikin ba ya fita. Wata mawaƙiya ta Detroit, Mallia Franklin, ita ta haɗa shi da Clinton, ya shigo a 1972 shi da wansa, ya zo da horon Brown cikin gidan da ba a cin tarar kowa.

Daga 1974 aka raba aiki tsakanin sunayen biyu a fili. Funkadelic ta riƙe jita da ƙara da maganganun da rediyo ba za ta iya sakawa ba, tana Westbound har 1976 da ta koma Warner Brothers. Parliament kuma aka tashe ta a kamfanin Casablanca na Neil Bogart, aka ba ta muryoyi da ƙahoni da abin rawa. Ba a daɗe ba wasu manyan barorin Brown biyu suka biyo sawun Bootsy, Fred Wesley mai ƙahon da ake zugewa da Maceo Parker mai saksafon, har ya zama rabin ƙarfin tsohon sarkin fank ya koma hannun mai aski. Faifan Chocolate City na 1975 yabo ne ga birnin Washington, wanda a lokacin mafi yawan mazaunansa baƙar fata ne, a ciki kuma aka yi wasa da tunanin ranar da Muhammad Ali zai zauna a fadar shugaban ƙasa, shekara 33 kafin a zaɓi Barack Obama. A ƙarshen shekarar aka fitar da Mothership Connection, wanda daga cikinsa waƙar Give Up the Funk ta sayar da kwafi miliyan. Clinton ya bayyana dalilinsa da kansa: so yake ya ajiye baƙin mutum a wuraren da ba a saba ganinsa ba, tun da an gama da fadar mulki, sai sararin samaniya.

Maganar ba ta tsaya a faifai ba. A watan Oktoba na 1976, a birnin New Orleans, suka buɗe yawon wasan da aka ƙera masa jirgin sama-jannati na ƙarfe, wanda gwanin fitilun dandali Jules Fisher ya tsara, ana rataye shi a rufin zauren ba wanda ya gan shi. Idan wasa ya kai tsakiya sai Glenn Goins, wani saurayin Plainfield da ya tashi cikin waƙar coci, ya ɗauki jita ya shiga kiran jirgin da murya irin ta mai addu'a, yana ɗora kiran a kan tsohuwar waƙar bayin Amurka da take roƙon karusar sama ta sauko ta kai su gida. Jama'a su ɗauka, fitilu su mutu, sai ga abin yana saukowa cikin hayaƙi da tartsatsi, ƙofa ta buɗe, Clinton ya fito cikin farar riga mai gashi da sunan Dokta Funkenstein. A gefensa Garry Shider, mai ɗaurin ƙunzugun da muka ambata, wanda duk da wannan shiga shi ne daga baya ya zama mai tsawata wa makaɗa a dandali, da Michael Hampton da aka ɗauka yana ɗan shekara 17 bayan an ji ya kaɗa Maggot Brain bai tsallake ko ɗigo ba, da Cordell Mosson a kan bes, da Jerome Brailey a kan ganga. Suka ƙaga wata tatsuniya mai tsawo da take gudana daga faifai zuwa faifai, mai jarumi Star Child da abokin gabarsa Sir Nose, mai dogon hanci da girman kai, wanda laifinsa kawai ya rantse ba zai yi rawa ba. Ana iya ɗaukar wannan shiririta, kuma wani sashensa shiririta ne. Sai dai wanda ya san cewa kakannin masu kallon an kawo su ƙasar ne a cikin jiragen ruwa ɗaure da sarƙa, ba zai rasa gane abin da ya sa dubban mutane suke kuka da murna don jirgi ya zo ɗaukarsu ba. Bangon fayafayan Funkadelic kuwa, tun daga Cosmic Slop na 1973, wani mai zane ɗan Chicago, Pedro Bell, shi ya cika su da dodanni da rubutu ƙanana, har ya zama yana cikin ƙungiyar ba tare da ya taɓa kaɗa komai ba.

Ganiyar abin ta zo a 1978 da 1979, lokacin da waƙoƙi huɗu na gidan suka hau mataki na ɗaya a jadawalin baƙar fata, biyu da sunan Parliament, biyu da sunan Funkadelic. Ta farkonsu, Flash Light, ta isa misalin yadda ake aiki a ɗakin ɗaukar sauti na United Sound da yake Detroit: Bootsy, wanda bes ce sana'arsa, ya koma kan ganga, Catfish ya riƙe jita, Worrell kuma ya haɗa na'urorin Minimoog ya fitar da kaurin sautin da yatsunsa, wani abu mai santsi yana gangarowa hawa-hawa, wanda bayansa mawaƙan Amurka da yawa suka ajiye jitar bes suka koma ga na'ura. One Nation Under a Groove, wadda ta yi mako shida a sama, da (Not Just) Knee Deep, hannun wani sabon shiga ne ya fi yawa a cikinsu, Walter Morrison da ake kira Junie, wanda ya baro ƙungiyar Ohio Players. A ta biyun har da muryar Philippé Wynne, tsohon jagoran The Spinners. A wannan lokaci hilar farko ta haifi 'ya'ya: Bootsy's Rubber Band, da Horny Horns ta su Wesley, da ƙungiyoyin mata biyu, Parlet da Brides of Funkenstein, kowace da kamfaninta da kuɗin kafin alƙalaminta, alhali makaɗan da suke ciki su ne dai waɗanda aka sani. Makaɗi yakan shiga ɗakin ɗauka da dare ya kaɗa, bai san da wane suna abin zai fito ba, balle ya san wa zai tambaya ladansa.

To, mene ne aikin shi Clinton, mutumin da ba ya kaɗa jita, ba ya busa ƙaho, muryarsa kuma ba ta kai ta Goins ko ta Shider ba? Mu da muka san Mamman Shata ba mu rasa abin kwatance, domin kowa ya san waƙar ba ta tsayuwa sai da kalangai da 'yan amshi, amma kaɗan ne za su iya kawo sunan mutum biyu daga cikin masu kalangan. Bambancin kawai shi ne Shata shi yake da waƙar da muryar, shi kuwa Clinton baiwarsa kunne ce da iya zama da mutane. Yana gane gwani tun gwanin bai san kansa ba, yana barin sa ya yi abin da wani ubangida zai hana, yana tsintar kalma a bakin 'yan kallo ya mai da ita amshi, yana kuma iya zama a gaban na'urar tacewa ya haɗa abin da mutum goma suka kaɗa a darare dabam-dabam ya zama waƙa guda. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma shaidarsa ita ce kaɗan daga cikin waɗanda suka bar shi suka sake yin abin da ya kai wanda suka yi a gidansa. Amma adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen: wanda ya iya tara mutane haka bai iya riƙe amanar lissafinsu ba, kuma shi da kansa ya amsa, a littafin tarihin rayuwarsa na 2014, cewa hodar iblis ta ci shekaru masu yawa daga ransa da dukiyarsa.

Rushewar ta fara tun ana tsakiyar nasara. A 1977 Haskins da Simon da Thomas, abokan shagon aski, suka fita, suna ganin an mai da su 'yan rakiya a gidan da suka gina. Goins ya fita ya mutu a 1978 yana da shekara 24, ciwon daji ya ɗauke shi. Brailey ya kafa tasa ƙungiyar ya sa mata suna Mutiny, wato bore, ya cika faifansa da habaici ga tsohon ubangidansa. Fulwood ya mutu a 1979. A 1980 kamfanin PolyGram ya haɗiye Casablanca, Bogart ya tafi, Parliament ta fitar da Trombipulation ta yi shiru. A 1981 kuwa aka ga abin da hilar farko ta gadar, domin tsofaffin abokai uku sun fitar da nasu faifan da sunan Funkadelic, Clinton ma ya fitar da nasa da wannan suna, aka koma gaban alƙali. Jirgin ƙarfen nan, da bashi ya yi yawa aka kasa biyan kuɗin ajiyarsa, a wurin 'yan gwangwan na jihar Maryland ya ƙare. Wanda yake gidan tarihin baƙar fatar Amurka na Smithsonian a Washington, da aka buɗe a 2016, kwafi ne da aka ƙera a shekarun 1990.

Da sunaye biyun suka sake maƙalewa, Clinton ya yi abin da ya saba: ya tara mutanen da suka rage, ya buga Computer Games a 1982 da sunan kansa a kamfanin Capitol, waƙar Atomic Dog ta hau mataki na ɗaya a 1983, a dandali kuma suka koma P-Funk All-Stars. Daga nan kasuwarsu ta ja baya, sai ga rai na biyu ya zo daga inda ba a zata ba. Yaran da suka taso da gambarar zamani ta hip-hop sun samu na'urar da take yanko gutsuren tsohon faifai a maimaita shi a ɗora magana a kai, fayafayan da suka tarar a ɗakunan iyayensu kuwa na James Brown ne da na P-Funk. De La Soul suka gina Me Myself and I a 1989 a kan Knee Deep, Dr. Dre ya gina faifansa The Chronic na 1992 a kan sautin gidan, har salon ya samu suna G-funk. Snoop Dogg ya gabatar da kansa ga duniya a 1993 da amshin Atomic Dog. Matashin da yake jin waɗannan a Kano ko Yamai a shekarun nan yatsun Worrell da na Junie yake ji, ko da bai taɓa jin sunansu ba.

Kuɗin wannan rai na biyu kuwa, mafi yawansa wata hanya ya bi. Haƙƙin mallakar waƙoƙi masu yawa yana hannun Bridgeport Music, kamfanin Armen Boladian, mutumin da ya karɓe su a 1968 lokacin da ba su da suna. Clinton ya yi da'awar cewa takardun da aka dogara da su an yi musu ƙari ba da saninsa ba, Boladian ya musanta, a 2001 kuma wata kotu a Florida ta yanke hukunci cewa waƙoƙin da ake jayayya a kansu na Bridgeport ne. Shi wannan kamfani ya shigar da ƙararraki ɗaruruwa a kan masu yanko gutsure, mafi shahararsu wadda kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 2005, a kan daƙiƙa biyu na jitar Funkadelic da ƙungiyar N.W.A ta ɗauka ta sauya musu sauti. Kotun ta ce komai ƙanƙantar abin da aka yanko daga faifai, sai da izini da biya. Hukuncin ya sauya yadda ake yin hip-hop a Amurka, ya sa tsakure ya zama sana'ar mai kuɗi, alhali shi Clinton yana cikin tsofaffin mawaƙan da suka fi maraba da yaran da suke ɗiba daga gare shi.

A 1997 aka shigar da Parliament-Funkadelic zauren girmamawa na kiɗan rok da yake Cleveland, Prince ne ya gabatar da su, kuma masu zauren suka yi nasu ijtihadin a kan mas'alar da muka soma da ita, suka tsaya a kan mutum 16: mawaƙa biyar na farko, da Nelson da Hazel da Fulwood, da Worrell da Bootsy da Junie, da Shider da Goins da Hampton da Mosson da Brailey. Uku daga ciki ba su ga ranar ba, domin Hazel ya bi Goins da Fulwood a 1992 yana da shekara 42. Lissafin ya tsallake Tawl Ross da Catfish, ya tsallake Wesley da Parker waɗanda ƙahoninsu ne suka ba Parliament kamanninta, kuma babu mace ko ɗaya a ciki, ba Mallia Franklin da ta kawo Bootsy, ba Dawn Silva da Lynn Mabry na Brides, duk da cewa da wuya a sami amshin da ya shahara daga 1975 zuwa 1980 wanda ba muryoyin mata ne suka ɗauke shi ba. Davis ya mutu a 2005, Shider a 2010, Worrell a 2016, Junie a 2017, Simon a 2022, Haskins a 2023. A 2018 sunan Parliament ya sake fitowa a jikin sabon faifai bayan shekara 38, a 2019 aka ba ƙungiyar lambar Grammy ta aikin rayuwa, Clinton kuma ya riga ya sanar cewa a shekarar zai daina yawon wasa, amma bai daina ba. Cikin masu rera waƙa a bayansa a shekarun nan har da jikokinsa, da Garrett Shider, ɗan Garry, riƙe da jita a gurbin ubansa.